Mazan Jiya Na Ƙarewa Da Labarinsu A Ciki: Tunawa Da Mahaifina, Tsohon Soja Daga Zonkwa

A ranar 15 ga Janairun kowace shekara Najeriya kan tuna da 'yan mazan jiya. A Abuja, shugaban ƙasa da shugabannin majalisa da manyan hafsoshi kan hallara a dandalin da ke daura da Eagle Square, a ajiye furanni, a busa begila, a harba bindigogin girmamawa, sannan a saki fararen tantabaru. Gwamnoni ma kowa ya yi nasa a babban birnin jiharsa. Kafin azahar an watse, jaridu irin tamu su buga hotuna, sai kuma baɗi. A da ranar 11 ga Nuwamba ake yin bikin kamar yadda ake yi a Ingila, daga baya aka mayar da shi 15 ga Janairu, domin a ranar ce a 1970 aka kammala miƙa wuyan Biyafara a Barikin Dodan da ke Legas.

Ba ni da ja da wannan biki. Abin da ke damuna shi ne inda ake ajiye furannin, wato gindin mutum-mutumin sojan da ba a san sunansa ba. A ƙasashen da muka aro al'adar daga wurinsu, wannan soja yana wakiltar waɗanda aka kasa gane gawarsu a filin daga, sauran kuwa an sassaƙa sunayensu a jikin dutse, ƙauye bayan ƙauye. A wurinmu kusan duk ƙaramin sojan da ya yi yaƙin basasa ya zama sojan da ba a san sunansa ba, har da wanda ya dawo gida da ƙafarsa, ya yi aure, ya hayayyafa, ya tsufa a gabanmu. Mahaifina, wanda ya rasu a Zonkwa a daminar da ta wuce yana da shekara 76, ɗaya ne daga cikinsu. Ina rubuta wannan ne domin tunawa da shi, da kuma domin in faɗi wata magana da nake ganin ta shafi kowa a Kudancin Kaduna: mutanen da suka ga yaƙi da idonsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da suka sani game da yaƙi yana bin su kabari, a yankin da ya fi ko'ina buƙatar wannan sanin.

Idan ana maganar soja da Kudancin Kaduna, sunayen manya ne ke fara zuwa baki. Janar Martin Luther Agwai ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 2003 zuwa 2006, ya zama Babban Hafsan Tsaro, daga baya ya jagoranci dakarun kiyaye zaman lafiya a Darfur. Laftanar Janar Luka Yusuf ya riƙe rundunar sojan ƙasa daga 2007 zuwa 2008. Manjo Janar Ishaya Bakut ya jagoranci dakarun ECOMOG a Laberiya. Kanar Yohanna Madaki ya yi gwamnan Gongola da Binuwai, Manjo Janar Zamani Lekwot ya yi gwamnan Ribas, a 2023 kuma Janar Christopher Musa, ɗan Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf, ya zama Babban Hafsan Tsaro. Yanki kaɗan ne a ƙasar nan zai iya jero irin waɗannan sunaye. Amma a ƙarƙashin kowane janar akwai dubban masu igiya ɗaya da kofur-kofur da saje-saje, kuma daga garuruwa irin su Zonkwa da Kagoro da Kwoi da Manchok da Kachia aka ɗebo da yawa daga cikinsu. Babu unguwar da za ka shiga a Zonkwa ba a nuna maka gidan tsohon soja ba.

Dalilin hakan ba ɓoyayye ba ne. Makarantun mishan sun yaye samari masu karatun firamare, aikin ofis kuwa bai wadata ba, gona kuma ba ta raba kowa da talauci ba. Ga layin dogo da ya taso daga Kafanchan ya ratsa Zonkwa ya nufi Kaduna, daga can sai Zariya, inda Defo, makarantar horas da kuratan soja, take tun 1924. Da yaƙi ya ɓarke ranar 6 ga Yulin 1967, rundunar da ba ta wuce mutum 10,000 ba ta shiga ɗibar samari babu ƙaƙƙautawa, har ta kai kusan 250,000 a ƙarshen yaƙin. Horon da ya kamata a yi watanni ana yi aka taƙaita shi zuwa 'yan makonni. Mahaifina ya hau jirgin ƙasa a tashar Zonkwa a farkon 1968, bai cika shekara 20 ba, kuma bai gaya wa kakata ba sai da ya aiko da wasiƙa daga Zariya. Da na tambaye shi ko kishin ƙasa ne ya kai shi, dariya ya yi. Ya ce albashi ne da takalmi. Kishin ƙasa a rediyo suka fara jin sa, bayan an riga an aske musu kai.

A taragu ɗaya da shi akwai wani saurayi Bahaushe, Musulmi, daga unguwar Hausawan Zonkwa, ɗan wani mahauci. Sun san juna da gani a kasuwa, ba su taɓa zama wuri ɗaya ba. Lambobinsu na soja, waɗanda suka fara da 63NA kamar na sauran tsararsu, ba su da nisa da juna, aka kuma tura su bataliya ɗaya a Runduna ta Ɗaya, wadda Kanar Muhammadu Shuwa ke jagoranta. Shi wannan mutum a kofur ya bar aiki, mahaifina a saje, kuma har ƙarshen rayuwa da waɗannan sunaye suke kiran juna. Mu yara Baba Kofur muke ce masa.

Runduna ta Ɗaya ta riga ta kama Nsukka da Inugu kafin su isa. Su abin da suka tarar shi ne tafiyar hawainiya zuwa kudu, ta Okigwe, wadda ta faɗi a Oktoban 1968, da Uzuakoli, har zuwa Umuahia, hedikwatar Biyafara ta lokacin, wadda aka kama a Afrilun 1969. Waɗannan sunaye na fara jin su ne a bakin mahaifina kafin in gan su a littafi, kuma yadda yake faɗin su ya sha bamban da yadda littafi ke faɗi. A littafi gari kan faɗi a rana ɗaya. A bakinsa gari rami ne cike da ruwan sama wanda mutum zai kwana goma a ciki, ƙafa ta kumbura ta ƙi fita daga takalmi, ga ƙarar ogbunigwe, nakiyar da 'yan Biyafara suka ƙera da hannunsu, wadda ya ce ko bayan shekara 30 idan taya ta fashe a hanyar Kafanchan sai cikinsa ya juya.

Ba mai yawan ba da labarin yaƙi ba ne. Na lura tun ina yaro cewa tsofaffin sojan da suka fi cika baki a wurin mai shayi su ne waɗanda suka fi nisa da bakin daga. Shi sai a shekarunsa na ƙarshe ya yarda na zauna da littafin rubutu ina tambaya yana amsawa, shi ma ba kullum ba. A cikin duk abin da na rubuta babu inda ya ambaci wanda ya harba. Abin da ya fi nanatawa shi ne yara. Ya ce sukan shiga ƙauye su tarar manya sun gudu daji, sai yara masu jan gashi da kumburarren ciki zaune a bakin ƙofa, ba su da ƙarfin kuka balle na gudu. Ya ce wata rana ya miƙa wa wata yarinya biskit ɗin da ake raba musu, ta riƙe a hannu tana kallo, ta manta yadda ake kai abu baki. Daga nan yakan yi shiru, ya ce in rufe littafin. Ƙiyasin mutanen da suka mutu a yaƙin ya sha bamban daga marubuci zuwa marubuci, amma akasari ana ambaton sama da miliyan ɗaya, mafi yawansu fararen hula da yunwa ta kashe. Mahaifina bai san wannan lissafi ba, yarinyar nan ita ce lissafinsa.

Bai taɓa cewa ɓangarensa waliyyai ba ne. Ba ya Asaba a Oktoban 1967, lokacin da sojojin tarayya suka kashe ɗaruruwan maza fararen hula, domin ko shiga soja bai yi ba a lokacin, amma da na karanta masa labarin bai musa ba. Cewa ya yi duk wanda ya ga abin da bindiga ke mayar da yaro ɗan shekara 19 ba zai rantse a kan kowa ba, har da kansa.

Bayan yaƙi ya ci gaba da aiki har 1990. Ya zauna a barikoki a Inugu da Kaduna da Jos da Bauchi, ya je Lebanon cikin dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya da Najeriya ta riƙa turawa daga 1978. Ya dawo Zonkwa da akwatin ƙarfe guda, da rediyo, da Hausar bariki wadda ta cakuɗe da kalmomin Tibi da Ibo da Turancin fareti. Ya koma gona, citta da masara da acca. Ni a bayan ritayarsa aka haife ni, don haka ban san shi da kaki ba sai a hoto. Na san shi da tashin asuba, da goge takalmin zuwa coci tun daren Asabar, da ƙin jinin a bar fartanya a tsakar gida. Yana da zafi a kan lokaci, har mahaifiyata kan ce ta auri agogo. Amma bai taɓa ɗaga hannu a kan ɗayanmu ba, a unguwar da dukan yaro ba abin magana ba ne. Idan ka yi laifi sai ya sa ka tsaya a gabansa ka faɗi abin da ka yi da bakinka, daga farko har ƙarshe, ba tare da ka sa sunan wani a ciki ba. Duka ya fi wannan sauƙi.

Mai karatu ya san tarihin yankinmu, ba sai na tsawaita ba. Rikicin Kafanchan na Maris 1987, wanda ya faro daga Kwalejin Ilimi ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa. Rikicin Zangon Kataf na Fabrairu da Mayun 1992, wanda ya samo asali daga batun sauya wa kasuwa wuri. Na Kafanchan a 1999, na Kaduna a 2000. Sai kuma na Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, wanda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce ya ci rayuka sama da 800 cikin kwana uku a jihohi 12 na Arewa. A garuruwa da dama na can sama an ƙona coci-coci an kashe Kiristoci. A Zonkwa da Matsirga da Kafanchan, in ji rahoton ƙungiyar, sama da mutum 500 suka mutu, kuma mafi yawansu Musulmi ne. Ni Kirista ne ɗan Zonkwa, kuma ban ga amfanin rubuta tarihin mahaifina in tsallake wannan jimla ba.

Ina jami'a a lokacin, labarin daga bakin mahaifiyata na fara jin sa. Da yammacin ranar da abin ya fara, jita-jita ta cika gari, wayoyi suna ta shigowa daga Kaduna da Kafanchan, kowa da irin adadin gawarwakin da aka faɗa masa. Wasu samarin unguwa suka zo ƙofar gidanmu. Abin da suke so a wurin mahaifina a fili yake: tsohon soja ne, ya san yadda ake tsara mutane. Ya fito ya tsaya a bakin ƙofa ya tambaye su ko akwai wanda ya taɓa kwana kusa da gawar da ta yi kwana uku a rana. Babu wanda ya amsa. Ya ce musu abin da suke shirin farawa ba su ne za su ƙarasa shi ba, kuma duk wanda ya kashe maƙwabcinsa yau zai ci gaba da ganinsa har ya tsufa. Wani daga baya ya ce, "Baba, tsufa ne ya sa ka tsoro." Ya ce, "Ƙwarai kuwa ina tsoro. Ku ne ba ku san abin tsoro ba tukuna."

Da ma a ce labarin ya ƙare da cewa sun ji maganarsa. Biyu ko uku sun koma gida, sauran suka wuce. Abin da ya iya yi a daren bai wuce shigo da matar Baba Kofur da jikokinta ɗakin ajiyar citta ba, ya zauna a kan kujera a ƙofar ɗakin har gari ya waye, sannan ya raka su inda jami'an tsaro ke tattara mutane. Baba Kofur ya tsira ta wata hanyar, ɗansa na biyu bai tsira ba. Iyalin suka bi ayarin da aka kai sansanin alhazai na Mando a Kaduna, daga can suka kama haya a Rigasa. Mutumin da ya yi wata 20 da ɗoriya a rami domin Najeriya ta zauna ɗaya, ya zama ɗan gudun hijira a jiharsa, daga garin da aka binne cibiyarsa.

Wani zai ce, to ina amfanin tsohon sojan da ya yi magana ba a ji ba? Amsata ita ce, a ranar aka fara neman jin ta bakinsa, kuma ranar da wuta ta kama ba ita ce ranar koyar da tsoron wuta ba. Samarin nan sun girma suna ganinsa yana wucewa da keke zuwa gona, babu wanda ya taɓa kai shi makarantarsu ya ba su labarin Uzuakoli, babu limami ko fasto da ya taɓa ba shi minti goma a gaban jama'a. An ma cire darasin tarihi daga manhajar makarantun firamare da ƙananan sakandare na tsawon shekaru, sai daga baya aka dawo da shi. Yaƙin da suka sani shi ne na fim, inda jarumi ke karkaɗe riga ya tashi. Hausawa sun ce yaro bai san wuta ba sai ya taka, amma ai domin kada ya taka ɗin ne ake ajiye babba a gida.

Ba ina cewa duk wanda ya sa kaki mai hana faɗa ba ne. Sojoji sun mulki ƙasar nan daga 1966 zuwa 1979, sannan daga ƙarshen 1983 zuwa 1999, kuma talaka bai manta bulala da tsallen kwaɗo ba. A kusan kowane rikici na yankinmu an sha zargin wasu tsofaffin sojoji da horas da matasa, kowane ɓangare yana nuna na ɗaya ɓangaren. Shari'ar da kotun musamman ta Mai Shari'a Benedict Okadigbo ta yi wa Janar Lekwot da wasu bayan rikicin 1992, wadda ta kai ga hukuncin kisa kafin a sassauta shi zuwa ɗauri, har yau ba a daina jayayya a kanta ba, kuma yadda mutum ke kallonta yakan danganta da unguwar da ya fito. Duk wannan gaskiya ne, kuma a ganina ƙarin hujja ce. Mutumin da ƙasa ta koya wa sarrafa makami, sannan ta sallame shi ta manta da shi, wani zai tuna da shi. Idan hukuma da makaranta da majami'a da masallaci ba su nemi abin da ya sani ba, mai neman fitina zai nema, kuma ba kowane tsoho ne zai tsaya a bakin ƙofa ya ce yana tsoro ba.

Batun mantuwa kuwa ba sai an je da nisa ba. A Janairun 2025 tsofaffin sojoji sun toshe ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya a Abuja da tabarmi da kujeru suna neman haƙƙoƙinsu, kwanaki kaɗan kafin a ajiye furanni a dandalin da ba shi da nisa da wurin. Ba shi ne karon farko ba. Mahaifina bai taɓa zuwa zanga-zanga ba, amma ya sha layin tantancewa. Akwai shekarar da aka ce sunansa ya faɗi daga takarda saboda harafi ɗaya da ya bambanta tsakanin takardar sallamarsa da ta banki, ya yi wata bakwai ba fansho, ya sayar da cittar da ya ajiye domin iri. Ba ya son a yi maganar. Abin da ya fi ba shi haushi ba kuɗin ba ne, yaron da ya ce masa ya kawo shaidar cewa yana raye ne, alhali ga shi tsaye a gabansa.

Sai dai layin nan ya yi wani amfani da ba a shirya ba. Bayan 2011, a nan kaɗai yake haɗuwa da Baba Kofur. Kowannensu ya zo da fayil a leda, su nemi inuwa su zauna, su raba goro, a kira lamba su miƙe tare. Mahaifina ya ce mini a wannan layi ne kawai yake sake ganin Zonkwa ta da, domin a nan babu mai tambayar sunanka na yanka, lambarka ake tambaya.

Da na karanci Turanci a jami'a na nemi yaƙin mahaifina a cikin littattafai. Na sami yaƙin manya. Obasanjo ya rubuta My Command a 1980, Alexander Madiebo ya ba da nasa labarin daga ɓangaren Biyafara a shekarar, Godwin Alabi-Isama ya fitar da The Tragedy of Victory a 2013, Chinua Achebe ya bar mana There Was a Country a 2012, Babangida ma ya fitar da nasa a 2025. Kurtu kuwa sai a ƙagaggen labari, irin Sozaboy na Ken Saro-Wiwa. Da Hausa, harshen da akasarin waɗannan kurata suka yi yaƙin da shi, suka yi ihun neman taimako da shi, da wuya ka sami littafin da ƙaramin soja ya ba da labarinsa da bakinsa.

Misalin abin da ake iya yi yana nan kusa da mu. Biyi Bandele, marubucin da aka haifa a Kafanchan a 1967 ya rasu a 2022, ɗan tsohon soja ne da ya yi yaƙin Bama. Daga labaran da suka taso daga gidansu ya rubuta Burma Boy a 2007, kuma ta dalilin wannan littafi mutane da yawa a duniya suka fara sanin cewa samari daga ƙasar nan sun yi yaƙi da Japan a dazukan Bama, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Mu kanmu muna wucewa ta gaban Barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, da na Chindit a Zariya, ba tare da mun san cewa sunayen daga wancan yaƙi suka zo ba. Tsarar 'yan Bama ta riga ta shuɗe, abin da aka tsira da shi daga bakinsu kaɗan ne. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwels ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, akasarinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, gwamnatin Birtaniya kuma ta nemi afuwa. Wancan laifin Turawa ne. Na 'yan 63NA ba mu da Baturen da za mu ɗora wa.

Aikin ba ya buƙatar biliyoyi. A Amurka, tun 2000 ɗakin karatu na majalisar dokokinsu yake tattara muryoyin tsofaffin sojoji, kuma 'yan sa-kai da ɗalibai da jikoki ne ke yin yawancin hirarrakin. Muna da Gidan Arewa a Kaduna, wanda aikinsa ke nan adana tarihi. Muna da reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan da Kwalejin Ilimi a Gidan Waya, cike da ɗaliban da ke neman abin da za su rubuta a kundin kammala karatu, kowannensu da waya mai ɗaukar murya a aljihu. Ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion ta san inda kowane tsoho yake kwana. Abin da ya rage shi ne wani ya haɗa su, a yi hirar da Hausa ko Jju ko Tyap ko duk harshen da tsohon ya fi sakewa da shi, a adana, a kuma mayar da wani abu daga ciki zuwa azuzuwa. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1968 yanzu ya haura 70 da nisa. Shekara goma nan gaba ba za a sami wanda za a tambaya ba sai ɗaiɗaiku.

Ina kuma ganin ya dace Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf ta gina bango guda a sakatariyarta da ke Zonkwa, ta rubuta sunan duk ɗan yankin da ya tafi yaƙin basasa, da wanda ya dawo da wanda bai dawo ba, a jera su bisa lambar soja, kada a raba su bisa ƙabila ko addini. Idan aka bi lamba, sunan Bajju zai faɗo kusa da na Bahaushe, na Atyap kusa da na Bafulatani, na Ikulu kusa da na Anghan, domin haka suka tsaya a layi a Zariya. An sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya a Kafanchan a 2016, an yi taruka ba adadi a otal-otal, kuma ban raina ko ɗaya ba. Amma yaron da zai zo ya nemo sunan kakansa ya tarar da na kakan wanda aka ce masa maƙiyinsa ne a gefensa, ya karanta abin da babu takardar bayan taro da za ta gaya masa.

Ranar jana'izar mahaifina tsofaffin sojoji bakwai suka zo da hulunansu da suka koɗe. Ɗaya da sanda, ɗaya jikansa ke riƙe da shi. Suka jeru a bakin kabari, mafi girman muƙami a cikinsu ya ba da umarni da muryar da ta dushe, suka ƙame gwargwadon yadda gwiwa ta yarda, suka sara masa. Baba Kofur na cikinsu. Wannan ne karon farko da ya taka Zonkwa cikin shekara 13. Ya tsaya daga gefe lokacin addu'ar coci, ya yi tasa a zuci, ya yi wa mahaifiyata ta'aziyya, ya ƙi kwana. Da za a kai shi tasha direban ya so ya bi ta tsohuwar unguwarsu, ya ce a bi ta wata hanyar.

Bayan wata biyu na same shi a Rigasa da na'urar ɗaukar murya. Mun yi kusan awa uku. Ya ba ni labarin taragun da suka hau, da sajen da ya aske musu kai a Defo, da daren da mahaifina ya goya shi daga bakin wani rafi kusa da Okigwe bayan ɓarɓashin nakiya ya shige masa cinya, labarin da mahaifina bai taɓa ba ni ba ko sau ɗaya. Da na kawo maganar 2011 sai ya ce, "Ɗana, kashe wannan abin tukuna." Na kashe. Ya ce in dawo bayan Sallah, wataƙila lokacin zai iya.